Turbar Apalaciya: Yadda Masu Gayya Suka Riƙe Hanya Shekara Ɗari



Mu mutanen hanya ne. Hanya ce ta kawo kakanninmu ƙasar Yarbawa, wasu da shanu, wasu da kanwa da fata, su koma da goro, har aka yanka mana wannan unguwa a Badun a 1916. Amma in muna hirar tarihi, madugai da fatake muke tunawa. Da wuya ka ji an tambayi wa ya sare turbar da suka bi, ko wa yake gyara ta in damina ta ɓata ta. To, a wannan fitowa mun ɗauko tarihin wata hanyar ƙafa a Amurka wadda aka adana labarin masu gyaranta dalla-dalla, domin akwai abin da ya shafe mu a ciki.

Sunanta Turbar Apalaciya, saboda tana bin doron jerin duwatsun Apalaciya da ke gabashin ƙasar. Ta tashi daga dutsen Springer a jihar Jojiya, can kudu, ta ƙare a dutsen Katahdin a jihar Maine mai iyaka da Kanada. Tsawonta ya kai kilomita 3,500, ta ratsa jihohi 14. Wato kamar mutum ya taka daga Legas zuwa Kano, ya dawo, ya sake komawa, kuma da saura. Faɗinta kuwa a yawancin wurare na mutum ɗaya ne. Mota ba ta bin ta, babur ba ya bin ta, sai ƙafa. Wanda ya ƙudura gama ta a tafiya ɗaya yakan yi wata biyar zuwa bakwai. Masu kula da ita yau da gobe kuma mutanen gari ne masu sana'o'insu, malaman makaranta, 'yan kasuwa, 'yan fansho, ɗalibai, waɗanda ba a biyan su ko sisi. Ƙungiyoyinsu kamar talatin ne, kowace da yankinta. A taƙaice dai, aikin gayya ne da ya haura shekara ɗari bai watse ba.

Wanda ya kawo shawarar wani masanin dazuzzuka ne, Benton MacKaye. A watan Oktoba na 1921 ya buga maƙala a mujallar masu zanen gine-gine ta Amurka, yana cewa a yi doguwar turba a kan duwatsun nan, inda ma'aikatan birane za su riƙa zuwa su huta daga hayaƙin masana'antu. Ba gwamnati ya kira ba, jama'a ya kira. Masu yawon daji na jihohin Niyok da New Jersey suka fara amsawa, ranar 7 ga Oktoba 1923 aka buɗe yanki na farko a wajen wani dutse da ake kira Bear Mountain, arewa da birnin Niyok. A watan Maris na 1925 aka yi taro a Washinton aka kafa uwar ƙungiya da za ta haɗa kan masu aikin.

Sai dai MacKaye mutumin tunani ne da alƙalami. Shekaru suka shige turbar ba ta yi nisa ba, har wani tsohon alƙali, Arthur Perkins, ya ɗauki abin da zafi, ya jawo wani matashin lauya mai suna Myron Avery. Avery ya hau shugabancin uwar ƙungiyar a 1931, ya riƙe ta har 1952, shekarar da ya mutu. Shi ne ya mai da magana ta zama aiki. Yakan bi daji da kansa yana tura wilin keke mai ƙirga nisa, yana awo yana rubutawa. Ya bi garuruwa yana kafa ƙungiyoyi, ya yanka wa kowace nata yanki, ita kuma ta rarraba wa mutanenta, kowa ya san daga ina zuwa ina ne a wuyansa. An tsai da alama guda ga kowa: farin fenti a jikin itace ko dutse, faɗin inci biyu, tsawon inci shida. Har yau ita matafiya ke bi. A zamaninsa aka buga ɗan littafin jagora kan yadda ake sharar turba da sa mata alama, don kada kowa ya yi yadda ya ga dama.

Ba a rasa saɓani ba. Lokacin da gwamnati ta shimfiɗa titin mota a kan doron duwatsun Shenandoah a jihar Bajiniya, daidai inda turbar ta bi, MacKaye ya ce wannan ya kashe manufar gaba ɗaya, a yi adawa da shi. Avery ya ce a matsar da turbar gefe, ita dai ta haɗe daga farko zuwa ƙarshe. Ra'ayin Avery ya rinjaya a 1935, mutanen biyu suka rabu ba su ƙara jituwa ba. Aikin bai tsaya saboda su ba, don an riga an raba shi a hannun mutane da yawa.

Wani taimako ya zo ta inda ba a zata ba. Lokacin karayar tattalin arziki, Shugaba Franklin Roosevelt ya kafa rundunar aiki ta matasa da ake kira CCC a 1933. Ana ba matashi dala 30 a wata, a aika da 25 gida wurin iyayensa, shi kuma ya yi dashen itatuwa da gina hanyoyi a gandun daji. Kafin a rufe ta a 1942, kimanin mutum miliyan uku sun ratsa ta. Su ne suka sake gina turbar a Shenandoah, ƙarƙashin idon injiniyoyi da masu awon ƙasa, kuma katangun dutsen da suka jera da yawa suna nan tsaye har yanzu. Ayarinsu ne kuma ya haɗe yanki na ƙarshe a jihar Maine ranar 14 ga Agusta 1937.

Murna ba ta daɗe ba. A 1938 wata babbar guguwa ta afka wa arewa maso gabashin Amurka, ta kwantar da itatuwa ba iyaka a kan turbar. Wani sabon titin mota a Bajiniya ya cinye kimanin mil 120 nata. Sai ga Yaƙin Duniya na Biyu, aka kwashi mazaje, man fetur ya zama na rabo, ba mai iya zuwa daji ya yi shara. Ciyawa da ƙaya suka rufe wurare da yawa. A 1948 wani tsohon soja, Earl Shaffer, ya bi ta tun daga kudu har arewa, ya tarar da wurare babu alama, sai lalube. Sai a 1951 aka iya cewa ta sake haɗewa. Kun ga ke nan, shekara ɗaya kacal ta yi a kammale, gyaranta ya ci shekara goma sha uku. Ranar buɗe hanya ita ce ranar da ɗawainiyarta ke farawa.

Matsala ta gaba ita ce ƙasa. Yanki mai yawa na turbar ya bi ta gonaki da dazuzzukan mutane ne bisa yardar baki kawai. In mai ƙasa ya mutu, ko ya sayar, sabon mai ita ya kafa shinge, dole a karkatar da matafiya su bi kwalta. Ranar 2 ga Oktoba 1968 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar turbobin ƙasa, wadda ta sa wannan turba ƙarƙashin kariyar gwamnatin tarayya. A 1978 aka gyara dokar, aka amince da dala miliyan 90 don sayen ƙasar da ta bi. Sayen bai tafi lami lafiya ba, akwai manoman da suka ƙi, akwai waɗanda aka karɓi tasu da ƙarfin doka aka biya su diyya, kuma sun daɗe da ɗacin abin. Amma yau fiye da kashi 99 cikin ɗari na turbar yana kan ƙasar da aka kare.

A nan mutum zai zaci tunda gwamnati ta sayi ƙasa, za ta sallami 'yan gayya ta zuba ma'aikatanta. Ba haka aka yi ba. A 1984 hukumar gandun daji ta ƙasa ta rattaba hannu a yarjejeniya, ta danƙa wa uwar ƙungiyar masu aikin sa-kai kula da ƙasar da aka saya. Hukuma na da ƙasa da doka, ƙungiyoyi na da aikin yau da gobe, kowa an rubuta masa nasa. Amma amana irin wannan ba a ba wanda bai iya ba. Dole masu gayya su nuna sun san aikin, domin a lokacin wata ɓarna ta riga ta bayyana wadda ba guguwa ce ta yi ta ba.

Ga yadda abin yake. Mutanen farko da suka sare turbar, musamman a arewa, niyyarsu su kai ƙololuwar dutse ta hanya mafi kusa. Sai su miƙe sama sak, ta inda ruwa ke gangarowa. Muddin masu bi kaɗan ne, ba a ga illar ba. Daga shekarun 1960 zuwa 1970 yawon daji ya zama yayi a Amurka, jama'a suka yi yawa. Ƙafa tana danne ƙasa, tsakiyar turba ya lotsa. In aka yi ruwa, sai ya sami kwata a shirye, ya taru ya gangara da gudu, kuma ruwa in ya yi gudu ƙarfin kwasar ƙasarsa ƙaruwa yake yi. Bana a ga saiwoyi a waje, baɗi a ga duwatsu, shekara ta uku ta zama kwazazzabo. Matafiya su guji ramin su bi gefe, gefen ma ya lotsa, turbar mutum ɗaya ta koma faɗin titi. Masu gayya su zo su cike ramin da ƙasa, ruwan farko ya kwashe. Ba ragwanci ya jawo ba, ai gumi sun zubar da shi. Tun wurin zaɓen inda turbar za ta bi aka bar wa ruwa ƙofa.

Daga nan aka fara tattara ilimin da yau ake koyarwa. Tushensa guda ne: kada ruwa ya daɗe a kan turba. Don haka ba a miƙewa sama, kuiɓin dutse ake bi a karkace, ana hawa a hankali, in wuri ya ƙure a yi kwana a juyo. Ana sare kuiɓin da diga har a kai ƙasa mai tauri, a yi daɓen tafiya a kanta, ba a kan ƙasar da aka tara ba. Daɓen kuma ana ɗan karkata shi waje, kamar kashi biyar cikin ɗari, wato in faɗinsa santimita 60 ne, bakin waje ya gaza na ciki da santimita uku. Mai tafiya ba zai ji ba, amma ruwa zai tsallaka ya wuce maimakon ya bi turbar. Bayan kowace 'yar tazara, turbar da ke hawa sai a sa ta ɗan sauka kaɗan sannan ta ci gaba da hawa, don ruwan da ya samu ya biyo ta ya fice a wannan lotsawar. Inda dole sai an hau tsaye, a jera matakala ta manyan duwatsu. Inda fadama ce, a shimfiɗa katako a kan gungume.

Masu hawan keke a duwatsu, waɗanda suka kafa ƙungiyarsu ta duniya mai suna IMBA a 1988, sun taƙaita wannan ilimi cikin ƙa'idoji masu sauƙin riƙewa. Ɗaya ita ce ƙa'idar rabi: hawan turba kada ya wuce rabin hawan kuiɓin da ta ratsa. In kuiɓin yana tashi mita 20 a cikin kowace mita 100, turbar kada ta tashi fiye da mita 10. In ta wuce haka, ruwa zai bar gangarensa ya bi ta. Ta biyu, in an haɗa turbar gaba ɗaya, matsakaicin hawanta kada ya wuce kashi goma cikin ɗari. Ba da ido ake kintata wannan ba, akwai ɗan ma'aunin gangare da ake riƙewa a hannu, ido kuwa yakan yaudari mutum a kan tudu.

Sanin ƙa'ida daban, isar da ita ga dubban masu gayya daban. A 1981 uwar ƙungiyar Apalaciya ta fitar da cikakken littafi kan tsara turba da gina ta da kula da ita, na William Birchard da Robert Proudman, aka sabunta shi a 2000. Amma littafi ba ya riƙe wa mutum diga. Shi ya sa a 1983 ƙungiyar da hukumar kula da dazuzzuka ta Amurka suka kafa ayarin aiki na Konnarock a Bajiniya. Mai sha'awa zai zo ya ba da kwanaki, a ba shi abinci da kayan aiki da wurin kwana a daji, a sa shi ƙarƙashin ƙwararren shugaban ayari. Da hannu ake koya masa yadda ake ture dutsen da ya fi shi nauyi da sandar ƙarfe ba tare da ya karya baya ba, da yadda ake kafa matakala ta zauna daram. Ana aikin tare da 'yan ƙungiyar yankin, saboda in ayari ya tashi ilimin ya zauna a wurin masu wuri. Ko yankan itacen da ya faɗi ba a barin kowa ya yi, sai wanda ya yi kwas ya sami shaidar riƙe zarto. A dazuzzukan da dokar 1964 ta hana shiga da inji, dogon zarton hannu na mutum biyu ake amfani da shi, shi ma sai an koya.

IMBA ta ƙara wani abu a 1997. Ta sa ƙwararru a mota suna zagaya jihohi suna buɗe makarantar gina turba ta 'yan kwanaki, da safe darasi a aji, da rana aiki a daji. Kuma ba masu gayya kaɗai suke kira ba, har da jami'an da ke kula da gandun daji da filayen gwamnati. Hikimar a fili take. Jami'in ne ke da ikon cewa turba ta bi nan ko can. In bai san ƙa'idar ruwa ba, zai zana layi a taswira daga ofis, mutum ɗari su zo su yi wahalar banza. In kuma ya zauna aji ɗaya da masu gayya, ya ga sun san abin da suke yi, sai ya saki jiki ya ba su izini. A 2004 ƙungiyar ta tattara darussan a littafi guda.

Misalin da ya fi nuna amfanin wannan shi ne Bear Mountain, inda aka fara komai a 1923. Kusancinsa da Niyok ya sa jama'a suka yi masa yawa, an sha matsar da turbar tana sake zaizayewa. A 2006 aka fara sake gina ta daga tushe, aka mai da wurin aikin makaranta: ƙwararrun magina suna koya wa masu aikin sa-kai fasa dutse da sassaƙa shi da jera shi. A 2010 aka buɗe kashi na farko, aka kammala a 2018, da matakala ta dutse fiye da dubu. Shekara goma sha biyu a kan dutse guda. Wanda ya saba da aikin gaggawa zai ce an yi nawa, amma waɗanda suka koyi aikin a nan sun watsu da shi zuwa wasu turbobi. Kuma ana nan ana bukatarsu, don ko a watan Satumba na 2024 guguwar Helene ta lalata ɗaruruwan kilomita a kudancin turbar, masu shaidar riƙe zarto suka shiga sharewa.

To, ina ruwanmu da turbar Turawa a bayan teku? Badun garin tuddai ne, mu kanmu a gindin tudun Mokola muke, kuma damina a nan ta fi ta gida tsawo da ƙarfi. Lungun da ya gangaro sak daga tudu, ruwa yana yi masa abin da ya yi wa turbar Apalaciya, ba bambanci. Ƙasa da baraguzan da aka zuba a rami ba tare da an karkatar da ruwan daga sama ba, kwalbati suke komawa su toshe ta. Manyanmu ba su manta ambaliyar Ogunpa ta 1980 ba, ta watan Agustan 2011 kuwa da idonmu muka gani, kuma toshewar magudanai na cikin abin da ya ƙara mata muni. Gayya ba baƙuwa ba ce a wurinmu, ladan gyaran hanya kuma tun muna makarantar allo muke jin sa. Matasanmu in an kira su suna fitowa da shebur da baro, Allah Ya saka musu da alheri. Abin da tarihin nan ya ƙara mana shi ne yadda gumin zai daɗe.

Birni ba daji ba ne, wannan gaskiya ne. A daji ana sakin ruwa ya bi gangare, a unguwa kuwa gangaren gidan maƙwabci ne, dole a kai ruwan kwata. Amma sauran darasin namu ne. A raba lunguna, kowanne da sunan mai kula da shi, yadda Avery ya yi. A cikinmu akwai birkiloli, akwai 'ya'yanmu masu karatun injiniya da awon ƙasa a jami'a da kwalejin kimiyya ta garin nan, a ware musu rana su koya wa shugabannin matasa auna gangare kafin a ɗaga diga. Masu gina turba sukan fita lokacin da ake tsuga ruwa su ga ta inda yake bi, mu ma a sa mutum biyu su yi haka a kowane lungu su sa alama. In za a yi darasin, a gayyaci masu gidaje da jami'an ƙaramar hukuma su zauna tare da mu, abin da aka amince a rubuta shi a takarda, kowa ya riƙe kwafi. Wannan magana muna miƙa ta ga fadar Sarkin Hausawa da kwamitocin masallatai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, a duba ta tun rani bai ƙare ba.

Allah Ya tsare mu da ambaliya, Ya sa albarka a aikin hannunmu, amin.